Conan Doyle Mutum Ɗaya Ne: Martani Ga Mai Cewa Baƙin Ciki Ya Cinye Masa Hankali

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya a kan Arthur Conan Doyle, Baturen da ya ƙirƙiro Sherlock Holmes, gwanin binciken laifi da duniya ta sani. Malam ya ɗora maganarsa a kan abu biyu. Na farko, wai Doyle mutum biyu ne cikin riga ɗaya: akwai likita mai kaifin basira da ya rubuta Holmes, akwai kuma dattijon da ya ƙare rayuwarsa a ɗakuna masu duhu yana jiran mamata su yi masa magana. Na biyu, wai rasuwar ɗansa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya ce ta kashe na farkon, ta haifi na biyun. Daga nan sai Malam ya yanke hukunci mai nauyi, cewa hankali da imani da gaibu ba sa zama a kai ɗaya, dole ɗaya ya kori ɗaya.

Ban yarda da wannan ba. Ba kuma don ina ganin Doyle ya dace a kan maganar ruhohi ba ne, domin ya yi kurakurai masu ban takaici, kuma zan zo kansu. Abin da nake ja da shi shi ne yadda Malam ya gano cutar. Mutumin da ya rubuta Holmes shi ne mutumin da ya zauna a zaman kiran ruhohi, kuma ƙa'ida ɗaya ce ta kai shi wuraren biyu.

Mu fara da shekaru, tunda a kansu labarin Malam ya dogara. Kingsley, ɗan Doyle, ya rasu a watan Oktoban 1918, a annobar murar da ta share duniya, bayan raunin da ya samu a fagen fama na Somme a 1916. To amma Doyle ya fito fili ya shelanta imaninsa da ganawa da ruhohin mamata a mujallar Light tun 1916, Kingsley yana raye. Littafinsa na farko a kan aƙidar, The New Revelation, ya fito a 1918 kafin rasuwar. Idan aka ƙara komawa baya, abin ya fi haka. Tun yana matashin likita a Southsea, kusa da Portsmouth, yake halartar irin waɗannan zama, kuma a 1887 ya rubuta wa wannan mujalla ta Light wasiƙa yana ba da labarin wani saƙo da ya ce ya gamsar da shi. A wannan shekarar ce dai, 1887, A Study in Scarlet ya fito, labarin da Holmes ya fara bayyana a cikinsa. Ke nan Holmes da sha'awar ruhohi tare suka taso a ɗaki ɗaya, a hannun mutum ɗaya mai shekara 28. A 1893 kuma ya shiga ƙungiyar binciken al'amuran ruhi ta Landan, wadda aka kafa a 1882. Babu yadda za a yi mutuwar 1918 ta haifi abin da ya girme ta da shekara talatin.

Ba na musun cewa yaƙin ya yi tasiri. Surukinsa Malcolm Leckie ya mutu a farkon yaƙin a 1914, ƙaninsa Innes ya bi Kingsley a 1919, kuma Ingila ta cika da iyaye da zawarawa masu tambayar ina 'ya'yansu da mazajensu suke. Wannan shi ya mayar da Doyle daga mai bincike a gefe zuwa mai wa'azi da ke yawo Ostireliya, Amurka da Afirka ta Kudu yana cika zauruka. Yaƙi ya ba shi gaggawa da masu sauraro. Aƙidar kuwa tun ran gini tun ran zane.

Abin da Malam bai tsaya a kansa ba shi ne yadda Doyle ya rabu da addinin gidansu tun farko. An haife shi a Edinbara a 1859 cikin dangin Katolika masu riƙo, aka kai shi makarantar limaman Jesuit ta Stonyhurst, daga nan ya yi shekara a wata makarantarsu a Feldkirch ta ƙasar Ostiriya. A tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa, ya ba da labarin yadda ya ji wani limami yana cewa duk wanda ke wajen cocin Katolika ɗan wuta ne, kuma maganar ta tsaya masa a rai. Da ya shiga karatun likita a Jami'ar Edinbara a 1876, ya tarar da zamanin masana kimiyya irin su Darwin da Huxley, ya kuma zauna gaban Joseph Bell, malamin da ke kallon takalmin majiyyaci da tafin hannunsa ya faɗi sana'arsa da inda ya fito kafin ya buɗe baki. Kafin ya gama, ya bar Katolika. Ya ci gaba da yarda akwai Mahalicci, amma ya ɗaukar wa kansa alkawarin ba zai sake karɓar abin da ba a tabbatar masa da shi ba. Wannan alkawari ya ci masa kuɗi: danginsa na Landan sun yi tayin haɗa shi da manyan iyalan Katolika don ya samu marasa lafiya, ya ce musu ba zai yi kasuwanci da aƙidar da ya bari ba, ya je ya zauna a asibitinsa yana jiran mai shigowa.

Mutumin da ya yi irin wannan alkawari, idan har zai dawo ga maganar lahira, ta hanya ɗaya zai dawo, wato hanyar gani ya kori ji. Abin da aƙidar ganawa da ruhohi ta yi masa alkawari ke nan. Ba ta ce masa ya yi imani ba. Ta ce ya zo ya zauna, ya ji ƙwanƙwasa a tebur, ya ga rubutu, ya yi tambayar da shi kaɗai ya san amsarta, ya ɗauki hoto in ya so. Ga likitan da aka horar a kan gwaji, wannan shi ne addini na farko da ya yi masa magana da harshen da yake ji.

Kuma ba shi kaɗai ba ne, wannan ma Malam ya tsallake shi. William Crookes, wanda ya gano sinadarin thallium, ya yi shekaru yana gwada masu kiran ruhohi. Alfred Russel Wallace, wanda ya gano ƙa'idar juyin halitta tare da Darwin, ya yi imani da abin. Oliver Lodge, ɗaya daga cikin magabatan ilimin rediyo, ya rubuta littafi a 1916 a kan saƙonnin da ya ce yana samu daga ɗansa Raymond da aka kashe a yaƙi. Waɗannan mutane sun rayu a lokacin da, a 1895, aka fara ɗaukar hoton ƙashin mutum yana raye ba tare da an tsaga fatarsa ba, kuma aka fara aika saƙo ta iska babu waya. Wanda ya ga haka da idonsa, in aka ce masa akwai wata igiya da ba a gano ba tsakanin rayayyu da mamata, ba zai ji abin ya fi ƙarfin hankali ba. Mu da muke da shekara ɗari na gwaje-gwajen da suka biyo baya muna iya cewa hanyar ba ta ɓulle ba. Su a lokacin ba su da wannan tarihi a hannu.

Yanzu ga ɓangaren Kiristancinsa, inda nake ganin Malam ya fi yin nisa da gaskiya. Ya nuna kamar Doyle ya gaji da tunani ne ya koma gindin coci ya miƙa wuya. Wanda ya karanta The New Revelation da The Vital Message na 1919 zai ga akasin haka. Doyle ya ɗauko Kiristanci ya ɗora shi a teburin tiyata. Ya ce labarin faɗuwar ɗan Adam na farko bai dace da abin da kimiyya ta nuna na tasowar mutum daga ƙasa zuwa sama ba, don haka ya ajiye aƙidar zunubin gado. Da ya ajiye ta, sai ya ajiye aƙidar fansa da jini, yana cewa ba adalci ba ne marar laifi ya ɗauki hukuncin mai laifi. Ya ƙi yarda da wuta ta har abada. Ya ce coci ta cika mai da hankali a kan mutuwar Yesu ta bar rayuwarsa da halinsa, waɗanda a ganinsa su ne abin koyi. Abin da ya rage a hannunsa shi ne Yesu a matsayin ruhi mafi ɗaukaka da aka aiko wa duniya, da mu'ujizai da ya fassara a matsayin aikin wasu dokokin halitta da ba a gama sani ba. Labarin da Linjila ta bayar na dutsen da Musa da Iliya suka bayyana a gaban Bitrus da Yakubu da Yohanna, shi a wurinsa shaida ce cewa waɗanda suka bar duniya suna iya bayyana ga masu rai. Baye-bayen ruhu da Bulus ya lissafa wa mutanen Korinti kuwa, ya ce su ne abin da yake gani a zaurukan zamaninsa.

Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, ba aikin wanda ya ajiye hankalinsa ba ne. Aikin wanda ya ba hankalinsa wuƙa da nama ne, ya yanke duk abin da bai gamsar da shi ba. Shi ya sa coci ba ta karɓe shi ba. Fadar Paparoma ta haramta wa Katolika halartar zaman kiran ruhohi a 1917. Taron bishop-bishop na cocin Angilika a Lambeth ya yi gargaɗi a kan aƙidar a 1920. Limamai sun riƙa tuna masa cewa littafin Maimaitawar Shari'a ya hana neman magana da matattu, kuma Sarki Saul bai ga da kyau ba bayan ya je wurin matar nan ta Endor. A ɗaya gefen, masu bin hankali zalla su ma suka taso masa, har ya yi muhawara a bainar jama'a a Landan a 1920 da Joseph McCabe, tsohon limamin Katolika da ya bar addini gaba ɗaya. Wanda ke neman hutu daga tunani ba ya zaɓar wurin da za a riƙa jifansa daga gabas da yamma.

Da a ce hankalinsa ya mutu a 1918 kamar yadda Malam ya ce, da mun ga alamar haka a sauran ayyukansa. Mu duba shari'u biyu na gaske da ya sa hannu a ciki. George Edalji lauya ne, ɗan wani limamin Angilika ɗan asalin Indiya, da aka ɗaure a 1903 bisa zargin farke cikin doki da dare a ƙauyen Great Wyrley. A farkon 1907 Doyle ya yi alkawarin ganawa da shi a wani otal a Landan. Ya iso a makare, ya hango Edalji a zaune yana karanta jarida, ya manna ta kusa da fuskarsa, ya kuma karkata ta gefe. Doyle ya yi karatun ido a Biyana, don haka ya tsaya daga nesa yana kallo, ya gane mutumin yana da matsanancin raunin gani. Ya tambayi kansa yadda mai irin wannan ido zai ratsa gonaki da shingaye da layin dogo cikin duhu da ruwan sama, ya yi ɓarna, ya dawo gida ba a gan shi ba. Rubuce-rubucensa a jarida suka tayar da ƙura, aka yi wa Edalji afuwa a 1907, kuma shari'ar tana cikin dalilan kafa kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuka a Ingila a wannan shekarar.

Malam zai ce ai wannan kafin yaƙi ne. To ga ta biyu. Oscar Slater, Bayahude ɗan Jamus, an same shi da laifin kisan wata tsohuwa mai suna Marion Gilchrist a Gilasgo, a shari'ar 1909. Doyle ya rubuta littafi a 1912 yana warware shaidun ɗaya bayan ɗaya, har da maganar ƙawar lu'ulu'un da 'yan sanda suka ce ta matar ce, alhali Slater ya jinginar da tasa tun kafin kisan. Bai saki maganar ba. An saki Slater a 1927, aka soke hukuncin a 1928, Doyle kuma ya sa kuɗinsa a ɗaukaka ƙarar. A waɗannan shekarun ne yake da kantin littattafan ruhohi kusa da Westminster, a cikinsu ya fitar da tarihin aƙidar mai juzu'i biyu a 1926. Da safe yana tsefe bayanan 'yan sandan Gilasgo, da dare yana zaman ruhohi. Haka kuma a 1924 ya fitar da labarin Holmes mai suna The Sussex Vampire, inda aka kawo wa Holmes maganar mace mai shan jini, ya yi watsi da zancen fatalwa tun daga farko, ya gano ɗan kishiya ne ke sa wa jariri guba, uwar kuma tsotse gubar take yi. Marubucin da zai iya rubuta wannan a tsakiyar wa'azinsa bai manta yadda ake shakka ba.

To ina matsalar take? Domin akwai ta, kuma babba ce.

A 1917 wasu yara mata biyu 'yan uwan juna, Elsie Wright mai shekara 16 da Frances Griffiths mai shekara 9, sun ɗauki hotuna a bakin rafi a ƙauyen Cottingley kusa da Bradford, ga wasu 'yan mitsi-mitsin halittu masu fukafukai suna rawa a gabansu. Doyle ya wallafa hotunan a mujallar Strand a ƙarshen 1920, ya bi da littafi a 1922. Abin lura shi ne ya yi bincike irin nasa. An kai gilasan hoton wurin ƙwararru, ɗaya ya ce ba a taɓa su ba, ɗauka ɗaya aka yi. Gaskiya ya faɗa, domin dabarar ba a cikin kyamara take ba, a gabanta take: takardu ne Elsie ta zana ta yanke, suka kafe su a ciyawa da alluran hula. Kamfanin Kodak ya ƙi ba da takardar shaida. Lodge kansa, abokin tafiyarsa a aƙida, ya nuna shakka. Mahaifin Elsie, wanda ya wanke hoton farko, ya ɗauka wasan yara ne. Elsie ta iya zane, ta kuma taɓa aiki a shagon mai hoto. Duk wannan yana gaban Doyle. Bai je ya ga yaran da kansa ba, ya aika Edward Gardner, wanda tun can ya riga ya gaskata. Sai a 1983, bayan sun tsufa, matan suka faɗi yadda suka yi.

Hanyar Holmes ita ce a jera duk abin da zai iya zama dalili, a riƙa cire wanda ba zai yiwu ba har a tsaya a kan ɗaya. Doyle ya bi hanyar, amma abin da ya fara cirewa shi ne yiwuwar cewa yara biyu 'yan gidan mutunci za su yi ƙarya su kuma iya yaudarar manya. Da ya cire wannan, aljanun ne kaɗai suka rage.

Haka ta faru da Harry Houdini, mai wasan siddabaru da ya san duk dabarun 'yan damfarar zaurukan ruhohi. A 1922 a Atlantic City, Jean matar Doyle ta zauna ta cika shafi goma sha biyar da rubutun da ta ce daga mahaifiyar Houdini yake zuwa. Ta fara da zana gicciye a saman takarda, kuma saƙon cikin Turanci mai kyau yake. Marigayiyar matar malamin Yahudawa ce, Turancinta kuma kaɗan ne. Da Houdini ya faɗi haka, Doyle ya ba da amsa cewa gicciyen al'adar matarsa ce, harshen kuma yana sauyawa ne a hanya. Bai iya ɗaukar cewa matar da yake ƙauna tana iya yaudarar kanta da zuciya ɗaya ba. Daga baya ma ya kai ga cewa Houdini kansa yana da baiwar ruhi yana ɓoyewa, duk da mutumin yana rantse masa cewa dabara ce.

Malaman hadisi sun daɗe da raba abu biyu a kan mai ruwaya: adalarsa daban, kiyayewarsa daban. Sun sha ajiye ruwayar mutumin kirki mai yawan ibada, ba don suna tuhumarsa da ƙarya ba, sai don sun san mai gaskiya yana iya ruɗewa, yana iya jin abin da yake so ya ji. Doyle ya riƙe sharaɗi na farko ya saki na biyu. Idan shaida ta fito daga bakin ɗan sanda ko mai gabatar da ƙara, yana tsefe ta har ƙashi. Idan ta fito daga bakin yarinya, ko matarsa, ko farfesa mai lambar girma, sai ya auna mutuncin mai maganar ya ɗauka ya auna maganar. Akwai kuma abin da rubutun labari ya saba masa da shi. A duniyar Holmes, Doyle ne ke ajiye tokar sigari da sawun takalmi, don haka kowace alama tana kai wa ga gaskiya. A ɗaki mai duhu wani ne ke ajiye alamun, kuma sau da yawa ya ajiye su ne don mai irin idon Doyle.

Wannan ya kawo ni ga hukuncin Malam na ƙarshe, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ya yi amfani da Doyle ya zane duk mai imani da gaibu, kamar dai Cottingley ita ce makomar duk wanda ya yarda akwai lahira. Amma Musulmi ko Kirista da ya yi imani da tashin ƙiyama bai taɓa cewa zai kawo hotonta ba. Ya san iyakar abin da awo ke kaiwa, ya san abin da ya karɓa ta hanyar wahayi, bai kuma cakuɗa su ba. Doyle ya ƙi wannan rabo tun yana saurayi. Ya nace sai lahira ta zo ta tsaya gaban kyamara ta ba da shaida kamar yadda ake yi a kotu, kuma wannan nacin ne ya buɗe wa 'yan damfara ƙofarsa, domin wanda ya ce sai ya gani, abin da za a nuna masa kawai ake buƙata. In akwai wanda labarin Doyle ya kamata ya tsorata, shi ne mai ganin cewa tunda ya iya tunani a fagensa, ba za a iya ruɗarsa a wani fage ba.

Da Malam yana son tuhumar da za ta kama Doyle da gaske, ga ta nan a shekararsa ta ƙarshe. A farkon 1930, watanni kafin rasuwarsa a watan Yuli, ya fice daga ƙungiyar binciken al'amuran ruhi da ya shiga tun 1893. Dalilinsa shi ne wani jami'inta, Theodore Besterman, ya yi kakkausar suka ga rahoton wasu zaman ruhohi da aka yi a Italiya, yana nuna cewa ba a ɗauki matakan hana maguɗi ba. Doyle ya ce ƙungiyar ta zama mai gaba da aƙidar, ya kuma yi kira ga sauran membobi su bi shi su fita. Mutumin da ya shiga wannan hanya saboda ta yarda a gwada ta, shi ne ya yi fushi da masu gwajin ranar da sakamakon bai yi masa daɗi ba. A kan wannan ya kamata Malam ya tsayar da shi, kuma da alkawarin da shi Doyle ya ɗaukar wa kansa a Edinbara za a yi masa shari'ar.